Gyartai da Matar da Ta Kai Ɗanta Kasuwa

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da fatake ke kora jakuna kudu su sayo goro. Ku na baya ku matso. Mata na bayan zana, ku lallashi yaran nan ku saurara, domin labarin yau ya fi shafarku, ko da yake maza ma ba za ku sha ba.

Wannan bawan Allah sunansa Nomau, sana'arsa gyartai. Yaran yanzu da suka tashi cikin kwanon roba ba su san gyartai ba. Shi ne mai ɗinke ƙwarya idan ta tsage. A bakin kasuwa yake zama, gindin wata ceɗiya, da basillarsa da zaren rama, ga tarin sakaina a gefe. Ba malami ba ne, karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. In ana ƙirga mutanen gari, sai an gama da kowa sannan wani ya ce, “Au, da Nomau.”

Amma Allah Ya ba shi wani abu da da yawa daga cikinmu ba mu da shi: yana da kunne. In kana magana ba ya katse ka. Mace za ta kawo ƙwarya mai 'yar tsaga, ta zauna jira, kafin ya gama ɗinki ta amayar da duk abin da ke cin ta a rai. Ba ya cewa, “Ai da kin yi kaza.” Iyakarsa ya ce, “Uhm. Sai me ya faru?” Abin da ya ji kuwa a gindin ceɗiyar yake barinsa. Matarsa Kuluwa har mita take yi, tana cewa ita rijiya ta aura.

To, a garin akwai wani falke ana ce masa Jibo. Wata shekara ya dawo daga kudu da mata. Musulma ce, tana salla, amma yarenta daban, Hausa kuwa sai tsinta-tsinta. Ku saurara nan: matar nan ta shekara a garin ba wanda ya tambayi sunanta. Baƙuwa kawai ake ce mata. Har uwar mijinta, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, mai kaifin baki, da ake kira Iya Ayashe, ita ma Baƙuwa take ce mata.

Allah Ya ba baƙuwa haihuwa, ɗa namiji, aka raɗa masa Yahaya. Ana gama suna Jibo ya bi ayari ya koma fatauci. Daga nan mutane suka fara ganin abin da ba su gane ba. In 'yan barka suka ce, “Kai, tubarkalla, yaro kyakkyawa,” sai ta haɗe fuska ta ce, “Ba kyau. Ba kyau.” Ga sabbin zannuwa kakarsa ta saya, amma a tsumma take naɗe shi. Ta shafa masa toka a goshi. Sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba. Da farko aka ce kunya ce irin ta ɗan fari. Iya Ayashe ta ce, “Kunya na san ta, ni ma na yi. Wannan ƙiyayya ce.”

Ana nan, ta gama wanka. Ranar kasuwa, kasuwa ta cika ta batse, sai ga baƙuwa goye da ɗa. Ta wuce rumfar masu tufafi, ta wuce mahauta, ba ta tsaya ko'ina ba sai gaban Nomau. Ta kwance goyo, ta shimfiɗe jariri a kan tabarmarsa tsakanin fasassun ƙore, ta ce da ƙarfi, “Saya!”

Nomau ya ɗaga kai ya ce, “Me kika ce, baiwar Allah?”

Ta ce, “Saya. Ɗa. Ka saya.”

Jama'a, zamanin nan ana sayar da mutane da gaske, ba wasa ba ne. Kafin ka ce kwabo kasuwa ta yamutse. “Ta kawo ɗanta sayarwa! Baƙuwar gidan Jibo ta kawo ɗanta sayarwa!” Iya Ayashe ta bar faifan daddawarta ta zo a guje, ta sure jikanta, tana salati tana zagi. Aka tasa baƙuwa gaba sai ƙofar mai gari. Aka tambaye ta, aka sake tambaya, tana kuka tana nuna Nomau tana cewa, “Ya saya, ya saya.” Mai gari ya ce magana ta ƙare, ta faɗa da bakinta. Ɗa ya zauna hannun kakarsa, ita kuma ayarin da zai tashi kudu ranar kasuwa mai zuwa ya tafi da ita. Iya Ayashe ta ce kafin nan ma kada ta kuskura ta taka mata zaure.

Kowa ya ce madalla. Sai aka ji wata murya daga baya, Nomau ne ya durƙusa.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, an ji bakin kowa, ban da nata.”

Mai gari ya ce, “Kai gyartai, ba a gabanka ta ce ka saya ba?”

Ya ce, “Ta faɗa, ranka ya daɗe. Amma kalma guda muka ji. Ni a kasuwa na tsufa. Mai sayar da abu hannun mai saye yake kallo. Ita kuwa tun da ta ajiye yaron idonta na kansa, har tana kare masa rana da gefen zaninta. Ban san abin da take nufi ba, shi ya sa nake so in ji. A ba ni ita ta zauna wajen iyalina kafin ayari ya tashi.”

Aka yi dariya. Mai gari ya ce, “Je ka da ita, ka rage mana aiki.”

To, alheri ba ya zuwa kyauta. Daga ranar mata suka daina kawo masa ƙwarya. In ya wuce sai a ce ga mai sayen 'ya'yan mutane nan, ai dama sun shirya ne. Kuluwa ta ce, “Maigida, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Mu da ko tuwon dare sai mun yi dabara, me ya kai ka?” Ya ce, “In aka kore ta ba a ji ta ba, kuma ya zamana a gabana aka yi, me zan ce wa Allah?” Kuluwa ta tashi. Da ta shiga ɗaki ta ga baƙuwa nono ya cika ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ta, sai mitar ta ƙare. Ta ɗora ruwan zafi ta shiga gasa mata. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Yanzu ina tambayarku, da mu ne, da me za mu fara? Ni na san mu. Da mun gyara zama mun ce, “Ke baiwar Allah, ki ji tsoron Allah!” Mu yi awa guda muna zuba, ita ba ta gane ko rabin abin da muke faɗa ba, mu tashi muna jin mun yi aikin lada.

Nomau bai yi haka ba. Ya zauna a tsakar gida nesa kaɗan, Kuluwa na tsakaninsu, ya ɗauki wata tsohuwar ƙwarya yana ɗinki don kada idonsa ya takura ta. Can ya ce, “Ni Nomau. Wannan Kuluwa. Ke fa?”

Ta dube shi kamar ba ta ji ba. Ya sake nuna ƙirjinsa, ya nuna matarsa, ya nuna ta. Sai ta ce, “Sanatu.” Ta fashe da kuka. Bai ce mata yi haƙuri ba, bai ce ya isa ba. Ya bar ta ta yi kukanta, ranar ba a ƙara ko kalma ba.

Washegari ya tafi zango wajen fatake, ya ce su koya masa yadda ake gaisuwa da yaren su Sanatu. Ya taho yana ta bita a hanya kada ta zube. Ya shigo gida ya gyara murya ya rangaɗa mata. Ashe harshe ya karkace, maimakon ya tambaye ta kwana, lafiyar akuyarta ya tambaya. Sanatu ta rufe baki, dariya ta ƙwace mata. Ita da ake yi wa dariyar Hausarta shekara guda, yau ga dattijo yana tuntuɓe a cikin yarenta. Ta gyara masa, ya sake faɗa, ta sake gyarawa. Daga nan ta saki jiki da su.

Sai ya ce, “Sanatu, ranar kasuwa kin ce in saya. Ban gane ba. Ina so in gane.”

Ta nemi kalmomi ta rasa. Sai ta tashi ta je wajen tarin sakainarsa ta zaɓo guda uku. Ta rungume ta farko a ƙirji kamar mai ba da nono, sannan ta tona ƙasa ta rufe ta. Ta ɗauki ta biyu, ta rungume, ta rufe. Ta ɗauki ta uku, ta daɗe riƙe da ita, sannan ta rufe. Ta ce, “Can. Garinmu. Miji na da.”

Kuluwa ta ce, “Innalillahi! Uku kika binne?”

Ta gyaɗa kai. Sannan ta ɗauko wani ɗan ƙoƙo lafiyayye ta ce, “Mutuwa ta san ni. Ɗana, tana so. Ɗan wani, ba ta so.” Ta ajiye ƙoƙon a gaban Nomau.

Ku lura da abin da ya yi. Bai ce “na gane” ba. Ya ce, “Bari in faɗi abin da na ji, in na yi kuskure ki gyara mini. Kina so in ɗauke yaron in rene shi a gidana, don ya yi nisa da ke?”

Ta zabura ta fizge ƙoƙon ta ce, “A'a! A'a! Ka saya, kuɗi wuri ɗaya. Ka ce naka ne. Ka ba ni riƙo. Ni nono, ni goyo. Mutuwa ta zo, ba ɗana a nan.”

Kun gani? Da bai tambaya ba, da shi ma ya yi kuskure, da kyakkyawar niyyarsa. Ashe a wajen mutanensu haka mai wabi take yi, wato macen da 'ya'yanta ke mutuwa. Ta kai jariri wajen bare a yi cinikin baki, a mayar mata da abinta. Tsumman nan da tokar nan da “ba kyau, ba kyau,” duk ɓoye shi take yi.

Nomau ya ce, “To, kasuwa cike da mutane, me ya sa sai ni?”

Ta ce, “Kai talaka. Ba komai. Mutuwa ba ta duba kayan talaka.”

Kuluwa ta ce, “Ji min mata! A gidanmu, kina cin tuwonmu!” Nomau kuwa ya yi dariya har da hawaye ya ce, “Ƙyale ta, ai ba ta yi ƙarya ba.”

Na ga wasunku sun fara motsi. Malam, wannan ba camfi ba ne? Camfi ne. Ajali ba a yi masa wayo, ba a ɓoye masa ɗa a cikin tsumma. Nomau ma ya san haka. Amma shi gyartai ne, ya san ba a zuba ruwa a ƙwaryar da ta tsage sai an ɗinke ta tukuna. Ya ajiye wannan maganar sai lokacinta ya yi.

Ya ce, “Sanatu, wannan sirrinki ne. Kin yarda in faɗa wa uwar mijinki?” Ta ce ta yarda. Ya tone sakainun nan uku ya sa a aljihu.

Ranar kasuwa ta matso, fatake sun fara ɗaure kaya. Da wani ne, da fada zai nufa ya tara jama'a ya kunyata tsohuwa. Nomau gidanta ya je. Tun daga zaure yake jin kukan jariri, siriri, irin na yaron da ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Iya Ayashe ta fito da shi a kafaɗa, idonta ya yi ja. Ta ce, “In ciniki ka zo ƙarasawa, koma inda ka fito.”

Ya ce, “Gaishe ki na zo yi, Iya. Yaya mai jiki?”

Ta so ta yi masa tsawa, sai murya ta karye. Ta zauna a dokin ƙofa ta fara zuba. An ba shi nonon akuya ya ƙi. Maƙwabciya mai goyo ta sa masa nata ya kau da kai. Jibo shi kaɗai Allah Ya bar mata, ta tsufa tana jiran jika, yanzu in ya dawo ya tarar ba mata ba ɗa, da wane ido za ta dube shi? Nomau bai kare Sanatu ba, bai ce mata ai ke kika jawo ba. Ya bari ta kai aya, sannan ya ce, “Tsoro kike ji, Iya.”

Ta ce, “Wallahi tsoro nake ji, Nomau.”

Can ya ce, “Iya, in tambaye ki mana. Wa ya sa miki Ayashe?”

Ta ce, “Wannan kuma me ya kawo shi? Sunana na yanka Rakiya. Uwata wabi ta yi, duk wanda ta haifa ba ya kai yaye. Da aka haife ni sai ta ɗauke ni ta kai juji ta ajiye, ta ce, ‘A yashe ta, ba na so.’ Ta laɓe a bayan dangar wani gida tana cizon zaninta, har wata tsohuwa ta tsince ni ta mayar mata.”

Ya ce, “Ashe ba ta son ki.”

Tsohuwa ta miƙe tsaye ta ce, “Kai Nomau, kiyaye ni! Matar da ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kaina? Ai don tsananin so ta...”

Nomau ya sa hannu a aljihu ya fito da sakaina uku, da ƙasarsu, ya jera a gabanta. Ya ce, “Sunanta Sanatu. Uku ta binne a garinsu. Su ba juji suke kai wa ba, kasuwa suke kai wa.”

Jama'a, tsohuwar nan ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Ta saɓa jikanta ta fita, tana tafe tana sassarfa, mutane na ba ta hanya suna cewa lafiya, Iya? Ta faɗa gidan gyartai ba sallama, ta durƙusa, ta ɗora yaron a cinyar uwarsa ta ce, “Sanatu, 'yata, ba shi. Ba shi ya sha.” Yaro ya kama. Gidan ya yi tsit, ba abin da ake ji sai haɗiyarsa. Kuluwa ce ta fara rangaɗa guɗa, tana yi tana share hawaye.

Iya Ayashe da kanta ta riƙe hannun surukarta har ƙofar mai gari. Ta ce, “Ranka ya daɗe, ni na kawo ƙara, ni na zo janyewa. Ni da kuke gani 'yar juji ce. In wannan yarinya ta yi laifin da za a kore ta, to, da uwata ya kamata a fara.” Ta ba da labari duka. A cikin dattawan fada akwai mai suna Abarshi, akwai Ajuji. Kowannensu ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Mai gari ya ce, “Laifi tudu ne, mun taka namu mun hango na baƙuwa. Na soke hukuncin. Ayari ya tafi da kayansa, matar Jibo tana ɗakinta.” Ranar, matan da suka ƙaurace wa Nomau suka yi ta fitowa da ƙore, har da waɗanda ba su tsage ba.

Saura abu guda. Sanatu har yanzu tsoronta na nan. Ta zo gindin ceɗiya tare da uwar mijinta ta ce a hankali, “Baba, saya?” Yanzu ne lokacin ya yi. Ya ce, “'Yata, ɗa ba abin sayarwa ba ne, ko da wasa. In laƙabi kike so, a kira shi Na-Gyartai, na yarda da farin ciki. Amma ni ko ƙwaryar da aka ba ni ajiya takan fashe a hannuna. Akwai Wanda ba a taɓa ba Shi ajiya ta ɓata ba. Shi Ya ba ki yaron nan, kuma waɗancan ukun ma suna wajenSa, ba su ɓata ba. Kowace safiya ki ce, ‘Ya Allah, ga ajiyata.’” Ta karɓi maganar, domin wanda ya faɗa mata shi ne ya fara sauraronta.

Yaro ya rayu, da ikon Allah, ba da ikon toka ba. Ya yi rarrafe, ya yi tafiya, aka yaye shi. Wata ranar kasuwa ya suɓuce ya nufi wajen jakunan fatake da gudu. Sai aka ji murya ta tsaga kasuwa: “Yahaya! Yahaya, zo nan!” Sanatu ce, a gaban kowa, ta kira ɗanta da sunansa. Nomau ya ajiye basilla ya ɗaga hannu sama ya ce, “Alhamdu lillahi.”

To, ku saurara, ga inda na nufa. Allah da Ya yi mu ƙabila-ƙabila, don mu san juna Ya yi, kuma ba a sanin mutum sai an ji shi. Garin nan kaf sun ji kalma ɗaya suka yanke hukunci, saura kaɗan su kashe jariri da sunan ceton sa. Mutum ɗaya ne ya ce, “Ban gane ba, ina so in gane.”

Kai mai gidan haya, da ɗan kudu a ɗakin zaurenka, ka ce ba ya gaishe ka yadda ya kamata, ka taɓa tambayarsa yadda ake gaida babba a garinsu? Ke da ɗanki ya auro miki wadda ba Bahausa ba, kin san sunan uwarta? 'Yan gudun hijirar da ke bayan makarantar nan, da muke cewa ba su da fara'a, wa ya zauna ya ji abin da suka binne kafin su iso nan? Ku ma'aikatan asibiti, ku malaman makaranta, ku masu sasanta aure, da mu masu hawa mumbari, mu ne muka fi kowa saurin baki. In mai damuwa ya zo maka, ka ba shi wuri, ka tambayi sunansa, ka yi shiru ya gama. Ka maimaita masa abin da ka ji ya gyara maka. Ka riƙe sirrinsa. Gaskiya kuma kada ka ɓoye ta, amma ka jira lokacinta. Kafin ka ce al'adar wani banza ce, ka tambayi kakarka dalilin sunanta.

Wanda duk yake da Sanatu a gidansa ko a unguwarsa, kada ranar nan ta faɗi bai je ya ji ta ba. Allah Ya ba mu kunnen Nomau, Ya tsare bakunanmu daga hukuncin da ba mu bincika ba. Ku ce amin.